Tukunyar fresha a tashar kwana-kwana: wata takwas muna girki da ita, ga abin da na gani

Tun ranar da na ɗora hoton faten waken nan a sitatus mutane suka hana ni sakat da tambaya, wai da gaske ne tukunyar fresha ba ta fashewa, wai ku 'yan kwana-kwana ma da ita kuke girki? Har wata 'yar uwata da ke Unguwar Rimi ta kira ni ta ce tata tun kayan ɗaki take kan wadirob ko leda ba a cire mata ba, tsoro take ji. To bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Tamu mai lita 12 ce, ta ƙarfen sitil mai kauri, irin mai hular nan a saman murfi da ke yin fito, a kasuwar Sheikh Gumi da ke nan Kaduna muka saye ta. Farashi kam kar ma a tambaye ni, a ƙasar nan na safe daban na yamma daban, abin da zan ce kawai mu tara ne a dutinmu kuma sai da muka yi karo-karon wata biyu kafin kuɗin ya cika.

Kafin zuwanta cin abincinmu abin tausayi ne wallahi. Ka shigo duti da safe ka tsaya wajen mai shayi, burodi da bota da ƙwai uku a soye cikin mai kamar za a yi wanka da shi, shayin kuma suga sai ya ce ya isa. Da rana kowa ya kama gabansa, wannan ƙosai da dankali, wancan shinkafa da mai da yaji, a kora da lemon kwalba mai sanyi. Da dare taliyar leda biyu da magi a ƙara a kan wanda ke ciki. Kowa a lungunsa, kowa da wayarsa, in ka ga mutum biyu suna ci tare to ɗaya bashi yake bin ɗayan. Ba wai ba mu taɓa gwada girki ba, mun gwada, amma aikinmu ba ya jiran wake ya nuna. Ka ɗora tukunya, ƙararrawa ta buga, dole ka kashe gas ka ruga mota, ku dawo bayan awa uku ka tarar da wake ya sha ruwa ya kumbura bai dahu ba, ga gajiya ga warin hayaƙi a jiki, wa zai sake tsayawa? Sai a aika Auta wajen mai shayi.

Abin da ya farkar da mu Baba Direba ne. Wata rana a tsakiyar hunturu, lokacin da gobara ta fi yawa a garin nan saboda iska da bushewar komai da masu shigar da garwashi ɗaki, mun dawo daga wani aiki ya faka mota lafiya lau, ya sauko, sai kawai ya zauna a kan taya ya riƙe ƙeya yana cewa duniya na juya masa. Aka kai shi asibiti aka auna, jininsa ya hau sosai, ya wuce 140 bisa 90 ɗin da ake cewa daga nan hawan jini ya fara, ya wuce da nisa ma. Washegari Oga ya sa aka auna mu duka, mutum huɗu cikin tara namu ba daidai ba, har da ni da nake ganin kaina ƙarfe. Malamar asibitin ce ta zaunar da mu kamar 'yan firamare. Ta ce a Amurka inda suke rubuta komai, kusan kashi 45 cikin 100 na ma'aikatan kashe gobara da ke mutuwa a bakin aiki zuciya ce ke ɗauke su, ba wuta ba ba ruftawar gini ba. Daga baya na ga binciken da likitocin jami'ar Harvard suka fitar a 2007, sun ce lokacin da mutum ke tsaka da kashe wuta haɗarin bugun zuciya na ninka na zaman tasha sau 10 har zuwa sau 100. Kuma in ka duba ai haka ne, kana barci jiniya ta tashe ka, ka zura kaya masu nauyi, in da silindar iskar numfashi a baya sun haura kilo 20, ka shiga zafi kana jan mesa cike da ruwa, zuciyar da aka ciyar da mai da gishiri shekara ashirin ina za ta kai? Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya gishirin da ta yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen magin nan kusan rabinsa gishiri ne. Muka kalli juna, don mun san mutum ɗaya a cikinmu da ke marmasa uku a taliya ɗaya.

Anti ce ta kawo maganar tukunyar, ita kaɗai ce mace a dutinmu, 'yar Kafanchan ce, a Sabon Tasha take zaune. Ta ce a gidanta da ita take dafa ganda da ƙafar sa. Baba Direba ya ce a'a 'yata, mu da muke kashe wa mutane wuta ba za mu ajiye bam a kicin ba, in ta tashi da mu wa za mu kira, lambar gaggawa ta 112 ɗin ai mu za a turo wa. Aka yi ta dariya amma dai aka saya.

To yadda take aiki ba wani sihiri ba ne, tsohuwar dabara ce ma, wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ya fara ƙera irinta tun 1679. A tukunyar da muka saba ruwa in ya kai digiri 100 ya tafasa shi ke nan, ko ka ƙure wuta ba zai ƙara zafi ba sai dai ya ƙone ya bi iska. Ita wannan akwai roba a bakin murfin da ke hana tururi fita, sai ya taru ya matse, zafin ciki ya kai wajen digiri 120, shi ya sa abinci ke nuna da wuri. Hular da ke sama ita ce mai gadi, in matsin ya yi yawa ta ɗaga ta saki tururi, wannan fiton da ke firgita mutane ke nan, alhali fiton shi ne alamar lafiya, shirun ne abin tsoro. A gefe kuma akwai wani ɗan toshi na ko-ta-kwana, in hancin da tururi ke fita ta ciki ya toshe shi zai buɗe. Zan dawo kan wannan ɗan toshin don ya taɓa nuna mana aikinsa.

Inda ta burge ni, wake. Farin wake da muke yi wa awa ɗaya da rabi, yanzu daga fiton farko minti 20 zuwa 25 ya yi lugub, in an jiƙa shi tun safe ma bai kai haka ba. Kuma ba ma sa kanwa ko kaɗan, da can kanwa muke zubawa don ya yi laushi da wuri, ashe ita ma tana ɗauke da sinadarin nan na cikin gishiri da ke tayar da jini, ga ta da ɓata ciki in ta yi yawa. Naman sa mai tauri da kaza ta gida mai ƙashi kamar ƙusa minti 25 zuwa 30. Ganda da ƙafar sa wajen minti 45. Gas kuma silindarmu mai kilo 12.5 ta fara yi mana kwanaki fiye da yadda muka zata, wanda tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi ba ƙaramin abu ba ne. Amma babban abin da ya sa na ce don aikinmu aka yi ta, in ƙararrawa ta buga kana kashe gas ka tafi, kar ka taɓa murfin, zafin da ke ciki zai ci gaba da dafa abincin shi kaɗai. Ranar farko da hakan ta faru mun fita wajen Kakuri, muka dawo bayan awa biyu, Anti ta buɗe, wake ya nuna har ya fara narkewa, da ɗuminsa, aka yanka alayyahu da albasa aka zuba da ɗan manja cokali uku, cokali uku fa ga mutum tara, Baba Direba ya ci ya ƙara bai ce uffan ba, daga baya muka ji yana tambayar Anti a asirce ko akwai ƙarama da za ta yi wa gida. Sai dai in aikin ya ja mu har yini guda ba ma ci haka nan, sai an sake tafasa shi sosai.

Ɗanɗano shi ne inda aka sha rigima. Satin farko da aka rage gishiri da magi har yajin aiki aka so yi, wani ya ce wannan ai abincin asibiti ne. Abin da ya cece mu daddawa ce da citta. Anti ke kawo mana citta daga gida, kun san kudancin Kaduna wajen Kachia da Kafanchan nan ne gidan citta a ƙasar nan, tata in ka daka har hawaye take sa ka. Daddawa, citta, tafarnuwa, albasa mai yawa, attaruhu, busasshen kifi, da yake murfin a rufe yake ƙamshin ba ya gudu, duk yana komawa cikin abincin. Daga magi takwas a tukunya muka sauko biyu, a hankali ba rana ɗaya ba, kuma harshe yana sabawa, yanzu in na ci abincin biki sai in ji kamar an juye mini gishiri a baki. Lemon kwalba muka maye shi da zoɓo mai citta da kanumfari, suga kaɗan, tunda biyu daga cikin lemon nan sun riga sun wuce giram 50 na suga da aka ce kar a haura a yini. Ganye kuma an ce giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace kullum, mu dai ba mu da sikeli, dokarmu kawai ba a sauke tukunya babu kore a ciki, zogale ko rama ko yakuwa ko alayyahu, in an samu kabewa a jefa.

Yanzu laifukanta, don ba talla nake yi ba. Ba ta tuwo, kar wanda ya ruɗe ka, tuwo sai an tuƙa, ita kuma ba a buɗe ta a tsakiyar aiki. Ba a suya a cikinta da murfi a rufe. Kuɓewa da karkashi da kuka da duk abin da ke yauƙi ko kumfa kar ka rufe su a ciki, sai ka dafa naman ka buɗe sannan ka kaɗa miyarka. Ganye ma a ƙarshe ake sawa in ba haka ba ya zama kamar tsumma. Shinkafa in ka ƙara minti biyu ta zama kunu. Marikin kuma tun wata na uku sukurunsa ke kwancewa, kullum sai an ɗaure, ga nauyi, in ta cika mutum ɗaya ba ya sauke ta cikin daɗi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne robar murfin. Da muka saya na tambayi mai shagon, Alhaji akwai sifiya? Ya ce ofisa ai ko ɗari kake so akwai. Wata shida robar ta saki, tururi na tsiyaya ta gefe, na koma, ya ce wallahi ta yanke sai an sauke kaya. Na zaga Kasuwar Bacci, na je Kawo ranar Talata, wadda na samu ba sayiz ɗinmu ba ce. Don haka duk mai saye ya sayi roba biyu a ranar, a gabansa a gwada a murfin, kar ya yarda da sai gobe.

To labarin ɗan toshin nan. Ƙa'ida ita ce ba a cika ta fiye da kashi biyu cikin uku, in wake ne ko wani abu mai kumbura rabi kawai, kuma kafin ka rufe ka ɗaga murfin ka leƙa ta hancin ka ga haske. Ranar girkin Auta ne, yaron da bai fi shekara da fara aiki ba, ya ga mun dawo da yunwa ya cika ta da wake har wuya, bai kuma leƙa hancin ba, ashe ɓawon waken jiya ya maƙale. Muna zaune a waje na ce wai ni ban ji fito ba, kafin in rufe baki sai muka ji fuuuu, ɗan toshin ya buɗe, ruwan wake ya yi feshi har silin. Tukunyar ba ta fashe ba, ba wanda ya ƙone, ta yi abin da aka ƙera ta ta yi. Oga ya kashe gas ya ce kowa ya ja baya a bar ta ta huce. Sai ya juyo ya ce wa ya ɗora? A da in aka yi irin wannan tambayar shiru za ka ji, kowa ya kalli takalminsa. Auta jikinsa na rawa ya ce Yallaɓai ni ne, ban duba hancin ba kuma na cika ta. Muna jiran a ce tsallen kwaɗo ko a rubuta shi. Oga ya ce to ɗauko tsani, ni zan riƙe maka, ka goge. Haka aka yi, mutum mai shekara kusan talatin a aiki yana riƙe da tsani yaro na goge wake a silin, yana ba shi labarin yadda shi ma ya taɓa barin mota ta fita da rabin tanki yana sabon shiga.

Bayan kamar sati uku, da asuba muna duba kaya, Auta ya zo da kansa ya ce Yallaɓai jiya da na naɗe mesa na ga bakin haɗin ɗaya ya tsage, na manta ban faɗa ba sai yanzu na tuna. Aka duba, gaskiya ne, da an kai ta wajen wuta an sakar mata ruwa da ƙarfi da ta ɓalle a hannun wani. Ni dai a raina na san da an sa shi tsallen kwaɗo ranar wake da bai buɗe baki ba. Wanda bai taɓa riƙe bakin mesa ba ba zai gane ba, kana gaba hayaƙi ya rufe ba ka ganin tafin hannunka, ba ka san komai ba sai cewa na bayanka yana riƙe, direba na wajen famfo bai bar ruwa ya yanke ba, kuma wanda ya duba kaya da safe ya duba da gaske.

Maganar kuɗi ma sai da muka gyara, don karo-karon da muka taɓa yi shekarun baya a kan nama ya watse, ana ta ƙus-ƙus wai mai riƙe da kuɗin yana cin tsoka biyu. Wannan karon kwali muka manna a bango, duk wanda ya ba da a rubuta, duk abin da aka sayo a rubuta ko albasar ɗari biyu ce, mai riƙe da kuɗi kuma ana canza shi duk wata. Girki da wanke-wanke layi ne, har Oga, ya ce a sa sunansa, kuma ranar sa yana naɗe hannun riga ya wanke, girkin ne dai muka roƙe shi ya bar mana don fatensa ko akuya sai ta yi tunani. Sai batun da kowa ke jin nauyin faɗa, garin nan tun rikicin 2000 kogi ya raba mu, wasunmu daga Rigasa da Tudun Wada suke zuwa, wasu daga Sabon Tasha da Narayi, kuma akwai wanda ba ya cin naman da bai san wa ya yanka ba. Wani abokin aikinmu Kirista shi ya fara cewa ku daina kewaye-kewaye, nama a riƙa saya wajen mahauci ɗaya da kowa ya sani, in ranar cefanena ce Malam ya raka ni. Sau biyu aka raka shi, na uku Malam ɗin ya ce je ka kai kaɗai ni na gaji. Da azumi ya zo Kiristocin cikinmu suka karɓi girkin yamma gaba ɗaya, muna dawowa daga aiki mu tarar da kunun gyaɗa da faten acca a rufe, su kuma lokacin nasu azumin kafin Ista muka riƙa yin ranakun da babu nama, wake da kifi banda. A faranti ɗaya babba muke ci yanzu, wayoyi a aljihu, in an dawo daga aiki mai muni, irin wanda aka fito da yara, a bakin farantin nan ake fara magana, wani lokaci ma ba a cewa komai, a ci kawai a tashi.

Tunda bakina ya buɗe bari in yi aikina kaɗan. Silinda a waje ko inda iska ke shiga, don gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. Tiyon a shafa masa ruwan sabulu, in ya yi kumfa a canza. In kin ji wari kar ki kunna fitila kar ki kashe, buɗe ƙofa da taga ki rufe kan silinda. Mai in ya kama wuta a kasko kar a zuba ruwa, a kashe gas a rufe da murfi. Tukunyar fresha kuma ba a buɗe ta da ƙarfi, in murfi ya ƙi juyawa to akwai sauran tururi, a jira, in ana sauri a kai ta ƙarƙashin famfo ruwan sanyi ya zuba a gefen murfin.

In maki ake so na ba ta huɗu cikin biyar, ɗayan na cire saboda roba da marikin nan. Ga gida mai mutum biyar shida lita 7 ko 8 ta isa, mai 12 sai irin namu taron. Jinin Baba Direba ya sauko, amma yana shan maganinsa kullum, kar wani ya ce tukunya ce ta warkar da shi ya je ya ajiye nasa. Ni ma bel ɗina ya koma rami ɗaya baya. Tabon waken yana nan a silin bai gama fita ba, duk sabon da aka turo mana nan ake fara kai shi a nuna masa kafin a nuna masa mota. Roba kuma har yau ina nema, mai faɗin inci goma sha ɗaya da ɗan wani abu, in wani ya gani a Kano ko Zariya don Allah ya taɓa ni, yanzu haka da ta aro daga gidan Anti muke lallaɓawa kuma ta ce ranar Asabar za ta karɓi abarta, tana da baƙi.